Wa Ke Yanke Hukunci? Saɓanin Masoya Resilin a Kan Manyan Wasannin 1987 zuwa 2004

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masoya kokawar nishaɗi ta Amurka, wato resilin, suke auna manyan wasannin da aka yi tsakanin 1987 da 2004. Ta dogara da abubuwa uku: ƙuri'un ƙarshen shekara na masu karatun mujallun resilin, da martanin 'yan kallo kamar yadda bidiyo ya adana shi, da labarin da kamfanoni suka riƙa maimaitawa game da wasanninsu. Ta nuna cewa gardamar masoya ta daɗe da wuce tambayar ko abin gaske ne ko shiri. Abin da ake ja a kai shi ne ma'aunin da za a ɗauka, da kuma hannun da ke riƙe da rumbun tarihi.

Gabatarwa

A watan Fabrairun 1989 wakilan kamfanin WWF na Vince McMahon suka shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey cewa abin da suke yi nishaɗi ne, ba gasa ba. Ba don Allah suka faɗa ba. So suke a fitar da su daga ƙarƙashin hukumar wasannin jihar, su huta da kuɗaɗenta da ƙa'idojinta. Da sirrin ne ke riƙe da sana'ar, da a ranar ta rushe, amma sai ga shi shekaru goma bayan haka ta fi kowane lokaci kasuwa.

Masanin nan Bafaranshe, Roland Barthes, ya riga ya hango dalili. A littafinsa Mythologies na 1957 ya bayyana cewa ɗan kallon kokawar ba neman sanin wanda ya fi ƙarfi yake yi ba. Yana son ya ga an nuna wahala da zalunci da sakayya ƙarara a gabansa. Bayanin ya zauna, sai dai yana da iyaka. Barthes yana magana ne a kan mutumin da ya sayi tikiti a birnin Paris, ya yi ihu, ya koma gida. Bai san mai kaset ɗin bidiyo ba, wanda zai maido da wasan baya sau goma yana neman inda ƙafa ta zame. Wannan ɗan kallo na biyu shi ya haifi yawancin gardamar da ake yi yau.

Pontiac, 1987: wasa biyu a dare ɗaya

Ranar 29 ga Maris 1987 aka yi WrestleMania III a filin Silverdome da ke Pontiac a jihar Michigan. Babban wasan daren shi ne na Hulk Hogan da André the Giant, ƙaton Bafaranshen da aka sanar cewa nauyinsa fam 520 ne, kusan kilo 236. Bayan minti goma sha biyu ko kusan haka, Hogan ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya danne shi har alƙali ya ƙirga uku. Wannan hoto yana cikin waɗanda kamfanin ya fi nunawa har yau.

To, a ƙarshen wannan shekarar masu karatun Wrestling Observer Newsletter, jaridar Dave Meltzer, suka zaɓi wasan a matsayin mafi munin wasan 1987. Meltzer kansa ya ba shi makin da ke ƙasa da sifili. Hujjarsu a fili take ga duk wanda ya kalli wasan ba tare da sauti ba. André yana fama da ciwon baya mai tsanani, sakamakon cutar da ta sa jikinsa bai daina girma ba, da kyar yake motsi. Wani dogon ɓangare na wasan runguma ce kawai, mutum biyu a tsaye suna numfashi. Bai cika shekara shida bayan nan ba ya rasu a Paris, a Janairun 1993.

A wannan dare kuma Ricky Steamboat ya karɓe kambun Intercontinental daga hannun Randy Savage cikin ƙasa da minti goma sha biyar, a wasa mai sauri wanda aka yi yunƙurin danne juna wajen sau ashirin. Steamboat ya sha ba da labarin yadda Savage ya dage sai an tsara kowane motsi ɗaya bayan ɗaya, an haddace. Masu karatun Observer da na mujallar Pro Wrestling Illustrated duka suka ba shi gwarzon wasan shekara.

Ga ma'auni biyu nan. Ɗaya yana auna gwaninta: sauri, tsabtar motsi, yadda aka gina wasan daga farko zuwa ƙarshe. Ɗayan yana auna abin da ya faru a ƙirjin jama'a. Masu ma'auni na biyu suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce: Hogan da André ne suka cika filin, kuma da aka sake haɗa su a tashar NBC ranar 5 ga Fabrairu 1988, mutum miliyan 33 suka kalla. A ganin wannan maƙala, kiran wasan da ya yi wannan aiki "mafi muni" ya fi nuna abin da masu ƙuri'ar suke so su zama, wato masana da suka bambanta da gama-gari, fiye da yadda ya nuna darajar wasan.

Sai dai su ma masu shauƙi ba su tsira ba, domin labarin da suka riƙe cike yake da ƙari. An tallata André a matsayin wanda bai taɓa faɗuwa ba cikin shekara goma sha biyar, alhali an ci shi a Meziko da Japan. An nuna kamar ba a taɓa ɗaga shi ba, alhali Hogan ɗin ma ya ɗaga shi a filin Shea na New York a 1980, lokacin shi ne mugu a labarin. Shi kuwa Hogan, duk hirar da ya yi sai nauyin André ya ƙaru a bakinsa, kamar kirarin ɗan dambe da ke tsawo da kowace kaka.

Hatta adadin 'yan kallo abin gardama ne. Kamfanin ya sanar da 93,173. Meltzer ya daɗe yana cewa kimanin 78,000 ne. Masu kare adadin kamfanin suna cewa filin yana ɗaukar kusan 80,000 a wasan ƙwallon Amurka, ga kuma kujerun da aka jera a tsakiya. Suna kuma nuni da taron Fafaroma John Paul na Biyu a filin a Satumbar shekarar, wanda aka ce ya haura 93,000. An rushe filin tuni, gardamar tana nan.

Montreal da Washington, 1997: lokacin da labule ya yage

Ma'auni na uku ya bayyana ne ranar 9 ga Nuwamba 1997 a Montreal. Bret Hart, mai riƙe da kambun WWF, ya riga ya sa hannu zai koma kamfanin hamayya na WCW, ya kuma ƙi yarda ya faɗi a hannun Shawn Michaels a ƙasarsa Kanada. Aka tabbatar masa wasan zai ƙare ba tare da ya rasa kambun ba. Michaels na kama shi da makullin ƙafa, McMahon ya sa aka kaɗa ƙararrawa, alƙali Earl Hebner ya tsere, Hart kuwa bai miƙa wuya ba. Ya tofa wa McMahon yawu a gaban kyamara.

Da wuya a sami mai iya ba da labarin minti goman farko na wannan wasa. Ba gwaninta ake tunawa ba, ba kuma shauƙi ba. Abin da ya faru a bayan fage shi ne wasan. Fim ɗin Wrestling with Shadows na Paul Jay, wanda ya fito a 1998, ya ba masoya kayan gardama na shekaru. Wasu suna ganin an ci amanar mutumin da ya yi wa kamfani hidima fiye da shekara goma. Wasu suna ganin ma'aikacin da zai tafi ba shi da ikon zaɓar yadda zai ajiye kayan maigida. Akwai kuma rukuni na uku da suka rantse cewa duk abin shiri ne har da Hart a ciki, wanda hakan kansa ya nuna inda sana'ar ta kai mutanenta: ko gaskiya ta faru ba sa yarda. 'Yan kallon Kanada sun shafe shekaru suna yi wa Michaels da Hebner ihu duk lokacin da suka shigo, har sai da Hart da Michaels suka gaisa a fage a Janairun 2010.

Mako bakwai bayan Montreal, WCW ta yi Starrcade a Washington, inda Sting ya fuskanci Hogan bayan fiye da shekara guda ana gina labarin. An tsara alƙali Nick Patrick zai yi ƙirga da sauri don a ga zalunci, sai ya ƙirga daidai, ya zama kamar Hogan ya ci da halal. A nan masoya ba su rabu ba: kusan kowa na ganin an ɓata wasan. Abin da ake ja shi ne wa ya ɓata.

Toronto, 2002

Wani lokaci jama'a ne ke ƙwace alƙalamin. Ranar 17 ga Maris 2002, a gaban mutum 68,237 a SkyDome, Hogan mai shekara 48 ya shigo a matsayin mugu don ya kara da The Rock, jarumin zamanin. Jama'a suka ƙi. Suka yi ta yi wa Hogan tafi, suna yi wa The Rock ihu, a filin da Hogan ya faɗi a hannun Ultimate Warrior a 1990, lokacin da yawancinsu suna yara. The Rock ya ci kamar yadda aka tsara, amma wasan kambu na Triple H da Chris Jericho da ya rufe daren ya tarar da mutane sun gaji. Wata guda bayan haka WWF ta ba Hogan kambu. Pro Wrestling Illustrated ta ba wasan gwarzon shekara. Masu karatun Observer suka zaɓi wani daban.

Mai rumbu

A Maris 2001 WWF ta sayi WCW tare da kaset-kaset ɗinta, ta ci gaba da tattara na sauran tsofaffin kamfanoni. Da ta buɗe tasharta ta WWE Network a intanet a Fabrairun 2014, matashin da ba a haifa ba a 1987 ya sami damar kallon komai da idonsa. Amma tarihin yaƙin WCW da WWF, wanda WCW ta yi mako 83 a jere tana kan gaba wajen yawan masu kallo, yanzu wanda ya ci yaƙin ne ke ba da shi. Wasannin Ric Flair da Steamboat guda uku na 1989, waɗanda masu ma'aunin gwaninta ke ɗorawa sama da na Pontiac, ba su samun rabin tallan da ɗagawar André ke samu, saboda ba a ƙarƙashin tutar McMahon aka yi su ba.

Inda ikon mai rumbu ya fi fitowa shi ne WrestleMania XX. Ranar 14 ga Maris 2004 a Madison Square Garden, Chris Benoit ya doke Triple H da Shawn Michaels, ya rungumi abokinsa Eddie Guerrero, kowannensu da kambu. A lokacin ma'aunin gwaninta da na shauƙi duka sun yarda da wasan, abin da ba kasafai ake gani ba. Guerrero ya rasu a Nuwamba 2005. A Yunin 2007 Benoit ya kashe matarsa da ɗansa, ya kashe kansa. Tun daga nan kamfanin ya daina ambaton sunansa a shirye-shiryen tarihi, ko da yake bai cire wasan daga rumbu ba. Masoya suka kasu: wasu sun ce sun kasa sake kallo, wasu suna kallo saboda sauran mutum biyun da ke cikin fagen, wasu kuma suna ƙorafin cewa an shafe wa Triple H da Michaels ɗaya daga cikin manyan ayyukansu a kan laifin da ba su suka yi ba.