Finafinan Damagaram da gardamar ƙarshen shekara

Jama'ar Damagaram, duk ƙarshen shekara sai mu kaure da gardama a fada da Facebook: wane fim ne ya ciri tuta, wanne ne ɓata lokaci? Amma ku lura, finafinan Kano muke ta aunawa, sai ka ce mu ba mu da namu.

To, muna da su. Fim ɗin Sarauniya, wanda ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, daga littafin Abdoulaye Mamani aka ciro shi, tsohon ɗan majalisar Zinder na Sawaba. Med Hondo ɗan Muritaniya ne ya shirya shi, kuma a Burkina aka ɗauka, ba a Nijar ba.

A 2021 kuma ɗiyar garin nan, Aïcha Macky, ta fito da fim mai suna Zinder. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da daɗewa, ta zauna da samarin fale, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur. A Turai an yaba. Mu kam abin ya sosa wa wasunmu rai: garin Tanimun guda, a rasa abin nunawa sai Kara-Kara? Muna jin zafin, amma ba ƙarya ta yi ba, yaranmu ne.

Mu nawa ne ma muka kalle shi har ƙarshe kafin mu yanke hukunci?