Kuɗin Ruwa a Birnin Kano, Daga Baitulmali Zuwa Kurar Ɗan Ga-ruwa

Mu da muka tsufa a kan littafin lissafi a aikin ruwa, abin da muka taras magabatanmu suna tinƙaho da shi shi ne cewa sa'ad da aka jawo ruwan Challawa zuwa birnin Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka haɗa shi da wutar lantarki, aka kai shi tanki bisa Goron Dutse domin ya gangaro wa gari da nauyin kansa, da dukiyar Baitulmalin En'e aka yi aikin, wato harajin talakawa da jangalin makiyaya. Hukumar da ta tara kuɗin ita ce ta kashe su, ita ce kuma ake tuhuma idan famfo ya ƙafe, saboda haka ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 al'amarin ya koma hannun gwamnati, kuma Gwamna Audu Baƙo, Allah ya jiƙansa, ya gina madatsun ruwa, babbansu Tiga, wanda aka kammala a 1974. Sai dai arzikin man fetur da ya biyo baya ya koya mana wata ɗabi'a wadda har yau ba mu rabu da ita ba: ana samun kuɗin gina sabon aiki, domin ana buɗe shi da tambari da jawabi, alhali kuɗin alif da kulorin da man inji da albashin mai gyaran bututu, waɗanda ba su da ranar buki, sai an yi ta kai gwauro ana kai mari kafin a sake su. Aka bar kuɗin ruwa ƙayyadadde, gida kaza biya kaza, ba mita, ko mutum ya sha da moɗa ko ya wanke motoci uku. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan da ake sayowa daga ƙetare suka yi tashin gwauron zabo, kuɗin da ake karɓa kuwa yana nan inda yake, domin babu mai mulkin da yake son a ce a zamaninsa aka ƙara kuɗin ruwa.

A nan ne mas'alar take, kuma na sha jin ana kafa mana hujja da cewa ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi. Haƙiƙa na Allah ne. Amma fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya tun da daɗewa sun rarrabe tsakanin ruwan kogi, wanda jama'a suke tarayya a cikinsa, da ruwan da mutum ya ɗebo da wahalarsa ya zuba a mazubinsa, wanda ya halatta ya sayar, muddin bai hana mai ƙishirwa da ke fuskantar halaka ba. Turawa sai a taron Dublin na 1992 suka yi shelar cewa ruwa yana da ƙima ta tattalin arziki, Bankin Duniya kuma ya riƙa sanya wannan cikin sharuɗɗan rancensa, har wasu suka zaci bidi'a ce aka kawo mana daga waje.

Sakamakon rahusar kuɗin ruwan nan kuwa, duk wanda ya zaga unguwannin bayan gari ya gan shi. Mawadaci ya haƙa burtsatse a gidansa ya huta, wanda famfo ke zuwa layinsa yana biyan abin da bai taka kara ya karya ba, shi kuwa talakan da aka ce dominsa aka ƙi ƙara kuɗi, shi ne yake tare kurar ɗan ga-ruwa kowace safiya yana sayen jarka-jarka, a kan farashin da ya ninka na famfo sau da yawa. Mafita ita ce a sa mita, a rangwanta wa ma'aunin farko da iyali ke buƙata don sha da girki da tsarki, a tsananta wa mai israfi, sa'an nan a wajabta wa ma'aikatun gwamnati su biya nasu bashin kafin a je a yanke wa kowace bazawara famfo.