Wuta da ƙanƙara: kuskuren likitan Napoleon

A watan Oktoban 1812 Napoleon ya juya da rundunarsa daga Mosko, hunturun Rasha na biye da su. Kafin su fice daga ƙasar, sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Babban likitan tiyata na rundunar, Dominique Larrey, ya lura cewa sojan da ya kanga daskararrun ƙafafunsa a wuta da dare, shi ne yatsunsa ke yin baƙi su ruɓe. Sai ya ɗora laifin kan zafi, ya ce a riƙa murza wurin da dusar ƙanƙara. Likitoci suka bi wannan shawara fiye da shekara 100.

To mai karatu, me ke faruwa a jikin? Idan sanyi ya tsananta, jijiyoyin jinin yatsu, kunne da hanci kan tsuke don a tanada wa zuciya da ƙwaƙwalwa ɗumi. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta sai ya zama ƙanƙara, ya tsotse na cikinsu. Wurin ya daina ji, wuta na ƙona shi mai shi bai sani ba. Gari na wayewa a kama hanya, naman da ya narke ya sake daskarewa. Wannan maimaicin ne ya fi yin ɓarna. Murzawa kuwa, ai ƙara yaga naman take yi.

Sai wajen 1960 aikin Dakta William Mills a Alaska ya nuna amfanin ɗumamawa da sauri cikin ruwa. Yau ana amfani da ruwa mai digiri 37 zuwa 39. Amma fa idan wurin zai iya sake daskarewa, kada ka ɗumama shi tukuna.