Gidan Dara a Ƙasar Tchake

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Tchake, a ƙasar Mayahi, bayan an kai gero rumbu, zai tarar da dattawa bayan la'asar sun kewaye wani abu a gindin gawo, abin da babu masassaƙin da ya taɓa sa masa gizago, watau gidan dara. Mutum yakan share rairayi da tafin hannunsa, ya tona gurabe talatin, layi biyar kowanne da shida, sa'an nan wannan ya kakkarya karan gero goma sha biyu, wancan ya tsinto tsakuwa ko kashin raƙumi daidai wannan adadi, don a rarrabe 'ya'yan kowa.

Hikimar tsarin tana cikin lissafinsa, gama idan an gama zuba 'ya'ya ashirin da huɗu, gurabe shida kaɗai ke saura, kuma a cikin wannan ƙunci ne gwani zai yi ta matsawa gurbi ɗaya ɗaya, ba a karkace ba, har ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. In ya jera huɗu kuwa, ya yi aikin banza.

Mutanen Masar na dauri su ma gida talatin suka yi wa wasansu na senet, amma layi uku na goma goma, a kan katako da hauren giwa, har aka binne Fir'auna Tutankhamun da irinsa, shi ya sa masu tonon tarihi suka same shi. Namu kuwa iskar hunturu takan shafe shi kafin gari ya waye, kuma a ganina wannan bai rage masa daraja ba, tun da tsarin yana cikin ƙirjin 'yan wasa.

Malamai dai ba su taɓa sakin jiki da irin waɗannan wasanni ba, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran Tasawa da Maraɗi ke karantawa, ta hana nardi da shaɗaranji. Dara ba ta da ƙuri'a, tunani ne zalla, saɓanin ludo, wanda asalinsa wasan Indiya ne da aka yi wa rajista a Ingila a 1896, wanda kuma samari ke sayen allonsa mai gilashi a kasuwa, suna jefa ƙuri'a kamar masu nardi.