Daga allo zuwa aji: addini da ginin ƙasa a zangunan Accra

Duk lokacin da aka ta da zancen gudummawar Musulunci ga ci gaban Ghana, sunan da ke fara zuwa baki shi ne na Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu. Ya cancanci hakan. Tun 1993 yake riƙe da limancin, kuma shigarsa cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, yana cika shekara 100, ta kwantar da zukata fiye da taruka masu yawa. Amma a ganina, aikin addini mafi nauyi a zangunan Nima da Maamobi ya faru ne a makaranta, ba tare da ganga ba.

Dalilin yana cikin tarihi. A zamanin Turawa, yawancin makarantun boko na hannun 'yan mishan, iyayen zango kuwa suna tsoron yaro ya tafi Musulmi ya dawo Kirista. Sai suka tsaya ga allo. Addinin ya tsira, amma aikin gwamnati ya wuce su. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta ƙara wa zango jin cewa zamansa na aro ne.

Shekarar 1987 ce ta sauya lissafin, lokacin da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana. Tsarin mai sauƙi ne: mai makaranta ya ci gaba da karantar da Alƙur'ani da Larabci, gwamnati ta turo malaman Turanci da lissafi da kimiyya, ta biya su albashi. Abin lura a nan shi ne, uban da ba zai saurari jami'in gwamnati ba ya saurari malaminsa. Amanar da malamai suka tara shekara da shekaru ita ce ta shigar da yara aji, har da 'yan mata.

Wannan amana ba a gama cin moriyarta ba. A Kanda, maƙwabciyar Nima, an buɗe Masallacin Ƙasa a 2021 da taimakon Turkiyya, gini ne na gani na faɗa. Tafiya kaɗan daga nan, babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi na cike da shara, damina kuma na fito da ita. Majalisa ta kafa Asusun Raya Zanguna a 2017, sai dai kuɗi kaɗai ba ya hana mutum zuba shara da dare. Mumbarin da ya iya kai yaro aji, duk Juma'a yana da masu sauraro daga gidajen da ke bakin wannan kwata.