NORLA: Hukumar da Ta Ba Larduna Jaridunsu

Tarihin wayar da kan jama'a a Arewa ba zai cika ba sai an ambaci Zariya. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East yana shugabantar Hukumar Talifi. A 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur.

Da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, sai wata matsala ta kunno kai: dattijo ya koyi haɗa baƙi da wasali, amma ba shi da abin karantawa a ƙauyensu. Don haka aka kafa Hukumar NORLA a farkon shekarun 1950. Ma'aikatanta, editoci da masu fassara, suka duƙufa wajen fitar da littattafai cikin boko da ajami, da kuma jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga tamu ta Zazzau, Albishir ta Barno. Mai karatu ya lura, kowane lardi da sunan da zai ji nasa ne. Wannan dabara ce babba.

Sai dai kuɗin gudanarwa daga baitulmalin gwamnati yake fitowa, ciniki kuwa bai isa ya riƙe hukumar ba, domin da araha ake sayar wa talaka. A 1959 aka rufe ta, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya. Sai a 1966 aka kafa Kamfanin NNPC, da haɗin gwiwar Macmillan, ya gaji littattafanta.