Yadda Wuƙar Haske Ta Baro Masana'anta Ta Shigo Gidajenmu

Mu da muke yanka katako da roba da hasken leza don sha'awa, abubuwa biyu muka gada, zane a kwamfuta da ita kanta lezar, waɗanda aka haifa kusan lokaci guda a Amurka amma suka daɗe ba su haɗu a hannun talaka ba. A 1963 Ivan Sutherland, yana ɗalibi a jami'ar MIT, ya nuna manhajar Sketchpad, wadda mutum ke jan layi a fuskar kwamfuta da alƙalami mai haske, ita kuma ta miƙar masa da shi. Da shekara ta zagayo, Kumar Patel, ɗan asalin Indiya da ke aiki a Bell Labs, ya ƙirƙiro lezar da ke aiki da iskar kabon dayoksaid. A 1967 har an yanka ƙarfe da ita a Ingila. Sai dai injin wancan zamani na manyan kamfanoni ne, mai ƙaramin ƙarfi ko a mafarki.

Manhajar AutoCAD ta fito a 1982, ta sauko da zanen injiniyoyi kan kwamfutar tebur. Wajen ƙarshen shekarun 1980 kamfanoni irin su Epilog da Universal suka fara ƙera ƙananan injina, masu sayensu kuwa galibi masu sassaƙa hatimi ne da allunan lambar yabo. Dabarar da suka zo da ita ce ta buɗe mana ƙofa: injin ya riƙa karɓar aiki kamar na'urar buga takarda. Ka yi zanenka a CorelDRAW, siririn jan layi ya zama yanka, baƙin fenti ya zama zane a saman katako, ka tura. Har gobe da yawanmu da jan layi muke nuna wurin yanka.

Wanda ya mayar da abin na kowa shi ne Neil Gershenfeld. A 1998 ya buɗe wani darasi a MIT na koyon ƙera kusan duk abin da mutum ya ga dama. Injiniyoyi ya sa rai, sai ga masu zane-zane da masu zayyanar gini sun yi cincirindo, kowa da abin da yake so ya ƙera wa kansa. Daga nan aka samu ɗakunan ƙira na jama'a da ake kira Fab Lab, kuma ɗaya daga cikin na farko-farko a wajen Amurka an kafa shi ne a 2004 a makarantar fasaha ta Takoradi da ke Ghana. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san inda layi ya fi tsawo: gaban injin leza. Abin da na'urar ɗab'in roba, wato firintar 3D, za ta kwana tana yi, leza ta gama yanka irinsa kafin shayi ya huce.

Da aka buɗe shafin Thingiverse a 2008, zane ya fara yawo. Mutum a Jamus ya zana akwati, wani a Indiya ya sauke fayil ɗin ya yanka. Hatta na'urar ɗab'in roba ta farko da kamfanin MakerBot ya sayar a 2009, jikinta filawud ne da aka yanka da leza. A lokacin an yi ta murna cewa ƙira ta zama kamar waƙa, a tura ta kawai. Ni ban taɓa yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari ba, don fayil ba ya sanin katakon da ke gabanka. Hasken kan cinye kamar milimita 0.1 zuwa 0.2 a duk inda ya bi. Filawud ɗin da aka sayar maka a matsayin milimita 3, ka auna ka ga 2.7. Haɗa waɗannan biyu, akwatin da ya kamata haƙoransa su shige juna ƙam ba tare da gam ba sai ya yi ta lakwam-lakwam a hannunka. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa taɓa babban allo sai sun yanka ɗan guntu mai ramuka biyar ko shida, kowane ya ɗara ɗan'uwansa da kaɗan, su cusa katakon su ji wanda ya kama. Wannan ilimi a yatsa yake, kuma daga wani ake ɗaukarsa.

Sai kuma zamanin K40, shuɗin injin nan na ƙasar Sin da a lokacin ake samu a kan dala ɗari huɗu ko kusa da haka. An rubuta masa wat 40, amma kowa ya san bai cika ba. Yana zuwa da ɗan famfon ruwa da za ka jefa a bokiti don sanyaya kwalbar gilashin da ke haifar da hasken, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu, idan bazara ta kama, sai da ƙanƙara a bokitin nan, in ba haka ba ƙarfin yanka ya ragu, kwalbar ta tsufa da wuri. Madubai uku ke kai hasken kan katako. Daidaita su kuwa sai ka liƙa farin tef, ka ɗana wuta sau ɗaya, ka duba inda tabon ya faɗa, ka murɗa noti kaɗan, ka sake. Manhajar da ake haɗo shi da ita ta wahalar da mutane ainun, har wani mai sha'awa ya rubuta K40 Whisperer a 2017 ya ba da ita kyauta. A ganina injin nan ya yaye masu ƙira fiye da kowace makaranta, domin ba ya aiki sai ka fahimce shi ciki da waje.

A 2015 kamfanin Glowforge ya tara odar kusan dala miliyan 28 cikin kwana 30, alamar cewa mutane a gida suke son injin. A Nuwamban 2017 kuma TechShop, wanda tun 2006 yake buɗe ɗakunan ƙira na biyan kuɗin wata a Amurka, ya rufe baki ɗaya. Bayan haka ƙananan injina masu shuɗin haske suka cika kasuwa, masu araha, yawancinsu ba murfi, ba bututun fitar da hayaƙi.

Ina murna da arahar, amma akwai abin da ke damuna. A ɗakin jama'a ba a barinka ka taɓa injin sai wani ya tsaya a kanka ya koya maka abin da ba a yankawa. Yau yaro zai buɗe kwali shi kaɗai a ɗaki, ba wanda ya gaya masa cewa robar PVC, irin ta banar talla da fatar kanti, idan ta ƙone tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu, ta kuma ci ƙarfen injin. Ba wanda ya gaya masa cewa fatar da aka jeme da sinadarin kurom ba ta shiga leza, alhali wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa tana karɓar zane tsaf. Shuɗin hasken nan kuma, ko ya daki wani abu ne ya dawo, yana iya lalata ido kafin a ƙifta.

Don haka, 'yan'uwa da kuka riga kuka ƙware, ku nemi sababbin shiga ku zauna da su. Kai kuma da ka sayo naka, yi masa murfi, ka fitar da hayaƙin waje, ka sa tabarau na ainihi da ya dace da irin haskenka, kuma kada ka bar ɗakin injin yana yanka, ko da sallama ake yi maka a ƙofar gida.